Buhun Gishirin Baikona

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau zancen gishiri ne. Wanda bai taɓa zama da mu ba, ni ce Nuriyya, 'yar Alhaji Abdulmutallib mai atamfa, ta unguwar Chagoua a Njamena. Abin da zan ba ku ya faru a 2005, lokacin ina budurwa, ina da 'yar wayata mai tocila da nake ɓoyewa a bakin lafaya. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Goggo Hansatu ƙanwar Abba ce ta raine ni. Mu uku ne a gidan, sai kaji.

Abba kuwa mutum ne mai ji da ƙarfinsa. Ba a yin hira da shi a tashi bai faɗi cewa kakansa da ƙafa ya tako daga Katsina zai tafi Makka, ya yada zango a nan ba. To jikan mai tafiyar ƙafa, wata rana yana auna wa wata mata yadi a kasuwa, sai ya ga matar ta zama biyu. Shi da bakinsa ya ce duka biyun ya gaishe su kafin ya zauna a ƙasa.

Ni na raka shi dispanser, wato ƙaramin asibitin unguwa. Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ta naɗe masa hannu, ta yi ta matsa 'yar robar nan, sannan ta dube shi ta saman gilashi.

"Alhaji, tansiyonka sha tara."

"Madalla," in ji Abba. "Sha tara bisa ashirin. Ko Nuriyya ba ta taɓa kawo min irin wannan maki daga makarantar lakwal ba."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce hawan jini ne, kuma irin wanda ke kayar da mutum ya tashi rabin jiki ba nasa ba. Ta ba da magani na kullum, ta juyo kaina tunda ni ke riƙe da tukunya. Ba ta ce a daina gishiri kwata-kwata ba. Ta ce ɗan kaɗan a tukunya, kada a ƙara a kwano. Ta ce magi ma gishiri ne, kanwa 'yar uwarsa ce, haka salanga, busasshen kifin nan namu mai gishiri, haka kilishi. Ta ce a yi haƙuri, harshe yana sabawa.

Muna fita Abba ya tsaya a gindin bishiya ya riƙe hannuna.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "ki rantse ba wanda zai ji wannan magana daga bakinki."

"Ko Malam Rufa'i?"

"Shi ne ma na farko. In surukina ya ji ana hura min hannu kamar tayar keke, da wane ido zai dube ni?"

Na rantse. Ku riƙe wannan, don shi ya ɗaure min baki.

Rufa'i shi ne mai nemana. Ɗan Gusau ne, ya zo Njamena yana sayar da bokitai da robobi, yana zaune gidan innarsa Safiyatu a Boutalbagar. Dogo, mai kunya, in ya ga Abba sai ya tsuguna tun daga bakin titi, har masu babur suna kauce masa.

To aka shiga yaƙin tukunya. Na koyi cika miya da tafarnuwa, citta, albasa, daddawa, in matsa lemon tsami a kan kifi. Ni dai wallahi daɗi nake ji. Abba kuwa sai ya ɗebi loma, ya tauna, ya ɗaga kai sama.

"Uwata, wannan miyar wankan gawa aka yi mata?"

"Abba, da gishiri a ciki."

"An dai nuna mata shi daga nesa."

Goggo ita ma ba ta taimaka ba da farko. Na kama ta tana jefa kanwa a kuɓewa, ta ce ai farin aka hana, wannan ja ce. Sai da na mayar mata da maganar likita kalma kalma ta ce, "Khalas, shi ke nan, na ji," ta zubar. Shi kuwa Abba sai ya zama mai zumunci. Duk inda aka yi suna ko sadakar bakwai a Chagoua yana sahun gaba. Har ta'aziyyar wani Bangambaye, mutumin kudancin Chadi, ya je, wanda ko sunansa bai sani ba, ya dawo yana siɗe yatsa yana cewa marigayin mutumin kirki ne.

Amma duk da haka abu ya fara kyau. Ciwon ƙeya ya lafa, matan kasuwa suka koma ɗaya ɗaya, tansiyo ya sauka. Rannan har na ji shi ya ce wa miyar kuka "ba laifi" a ƙasan maƙoshi.

Ana cikin haka saƙon Rufa'i ya shigo wayata.

"Gimbiya, ran Lahadi Inna za ta kawo kayan baiko. Goro, alawa, da babban abu."

Na rubuta, "Wane babban abu?"

"Na al'ada. Baba zai ji daɗi."

Mu nan abin da muka saba gani shi ne buhun sukari da ganyen shayi. Ni da Goggo har mun fara lissafin gidajen da za a kai wa sukari.

Ran Lahadi na sha lalle har gwiwar hannu, na naɗa lafaya ruwan zuma mai ɗigon zinari, Goggo ta turara ni har kaji suna atishawa. Ina leƙe ta labule mata suka shigo da guɗa, Inna Safiyatu a gaba. Mace ce gajera, fara, mai tafiya kamar ita ta gina unguwar. Bayansu ƙarti biyu suna nishi da wani buhu, suka dire shi a tsakar gida, ƙasa ta amsa.

Goggo ta yi godiya, ta ɗan huda bakin buhun ta lasa don ta yaba sukarin. Na ga fuskarta ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Hajiya, wannan ai gishiri ne."

"To da mi za ya zama?" in ji Inna Safiyatu da harshensu na Zamfara. "Mu can haka muka gada. Uban ɗiya shi ka amsa, shi raba ma dangi da hannunai, kowa shi san an ba da ita. Gidan da ya amshi gishiri ya amshi yaro. In an maido shi, to an maido yaro ke nan."

Ban san Abba yana jin mu daga zaure ba. Sai ga shi ya shigo tsakiyar mata, abin da bai taɓa yi ba, ya dafa buhun kamar mai gaida ɗan uwan da ya dawo daga hajji.

"Na karɓa," ya ce. "Hannu bibbiyu. Ashe har yanzu akwai mutanen da suka san darajar manya."

Ya sa aka kai shi ɗakinsa, aka jingine a gefen gado.

Baƙi na tafiya na same shi. "Abba, yaushe za a raba?"

"A hankali. Ba a gaggawa da al'adar mutane."

"Goggo ta ce ta iya rabawa."

"Ba ki ji matar ba? Da hannun uba. Goggonki uba ce?"

Daga ranar Abba ya daina ƙorafin miya. Sai ya zauna, ya yi bismilla, ya sosa kai ta ƙarƙashin hula, ya shafa hannun a kan tuwo. Na ɗauka sabuwar addu'a ce. Ashe a naɗin hular yake zuba gishirin. Ranar da na wanke hular, ruwan wankin ya isa a dafa shinkafa.

Ga shi kuma ya ja Rufa'i a jiki. Kullum ya zo gaishe shi sai Abba ya ce, "Ɗana, can wajenku har yanzu ana kilishi mai kyau?" Washegari sai ga ƙunshi. Ni ina ciki ina cizon yatsa, rantsuwa ta riƙe min harshe. Na gwada ta gefe, na aika masa:

"Malam, gishirin nan ya yi mana yawa."

Ya amsa, "Kada ki damu Gimbiya. In ya ƙare akwai wani."

Kun ji fa. Goggo ta ce mu faki idonsa mu zuba buhun a kogin Shari. Na ce in mun zuba, Abba zai ce ɓarayi ne, mai bokitai ya sake kawo wani ya haɗa da kilishin jaje. Ta ce mu rarraba wa maƙwabta a ɓoye. Na ce mutumin da ya bi miya har gidan makokin da bai san mamacin ba, shi ne zai kasa bin gishirinsa gida gida?

Dariyar ta ƙare min wata safiya. Na fito na tarar da shi a kan tabarma, ya riƙe ƙeya da hannu biyu, idonsa ja. Takalminsa na gefe, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Na ce mu koma dispanser. Ya ce rana ce kawai. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya kama iska a gefen kofin.

Na shiga kicin na zauna a kan turmi. Ina son Rufa'i, ba zan ɓoye muku ba, har sunayen 'ya'ya na zaɓa mana. Amma na hango ranar ɗaurin aure, ana tambaya ina waliyyi, babu Abba, ana nuna wani kawu daga Lamadji. Na ce wa Goggo, "Ran Juma'a zan mayar da shi."

"Kin san abin da ake nufi da mayarwa?"

"Na sani."

Sai ta kwance makullin ɗakin Abba daga bakin zaninta, don ita ke share masa.

Ran Juma'a yana fita masallaci muka kira mai pus, wato mai turin kura. Buhun har ya rame ta sama. Aka ɗora, muka bi bayansa cikin ranar nan ta Njamena mai narkar da takalmi. Na saka baƙar lafaya, ban shafa ko kwalli ba. A hanya na aika saƙo ɗaya, "Ka yafe ni." Wayar ta yi ta ƙara a ƙuguna, ban ɗauka ba. Goggo tana tafe tana faɗa da mai pus kan yana shiga rami da gangan, tana share ido tana cewa ƙura ce.

Mun isa Boutalbagar an sauko daga masallaci. Inna Safiyatu na tsakar gida tana kwashe tuwo, Rufa'i na tsaye da waya a hannu, farar shaddarsa ta jiƙe da gumi. Mai pus ya sauke buhun a gabansu.

Inna ta ajiye mara. "Mine ne wanga?"

Goggo ta dubi sama. Ni na dubi ƙasa.

"Ke ɗiya, da ke nike. Kun san abin da kunka yi?"

"Na sani, Inna."

"Wani ya fi shi ne?"

"A'a."

"An ce maku yana shan wani abu? Ko bokitin da ya sai ma goggonki ya fashe?"

"Bokiti lafiya lau," in ji Goggo.

Rufa'i ya matso. "Nuriyya, in kilishin ne bai yi ba, akwai wani mai yi a Kusiri, tsallaken kogi."

Nan na fashe da kuka. Ku gaya min, wane irin mutum ne wannan? Ana mayar masa da baiko yana neman inda zai ƙaro abin da ya jawo.

Sai muka ji ƙarar babur da salati. Ɗan kalando ne, wato ɗan acaɓa, ya shigo har ƙofar gida, Abba a baya, babbar riga ta cika da iska kamar zai tashi sama, hula a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ashe ya dawo ya ga gefen gado wayam, ya bi sawun farin gishiri da ke zuba daga hudar da Goggo ta yi tun ranar farko. Ya sauko yana haki, ya dafa bango. Na ruga na riƙe shi, Rufa'i ya kawo kujera.

Da numfashi ya dawo, Abba ya gyara riga ya yi murmushi.

"Hajiya, kuskure ne. Ɗakina ke yoyo, na ce a kawo ajiya."

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama, babu ko gajimare ɗaya. "Yoyo."

"To, ɓeraye."

"Ɓeran Chadi gishiri su ka ci?"

"Wasu."

"Alhaji, ni ba yarinya ba ce. Magana guda nika so. Ɗiyarka ta ƙi ɗana, ko ba ta ƙi ba? In ta ƙi, ga buhu ya iso, Allah shi haɗa kowa da rabonai."

Abba ya juyo ya dube ni. Baƙar lafaya, ido a kumbure, hanci na zuba. Ya san kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina, ya kuma ga ban faɗa ba. Ya daɗe yana murza hular nan a hannu, gishiri na zubowa a cinyarsa.

"Ba ta ƙi shi ba," ya ce a hankali. "Ubanta take so ya kai ranar. Ina da tansiyo, Hajiya. Hawan jini. Likita ta hana ni gishiri, ni kuma na hana yarinya faɗa."

Rufa'i ya dafe kai ya tsuguna. "Baba, kilishin nan duka..."

"Ya yi daɗi, ɗana. Allah ya yi albarka. Kada ka ƙara."

Na jira Inna ta yi faɗa. Sai ta ja kujera ta zauna daf da shi.

"Nawa ya kai?"

"Sha tara."

"Ni da ashirin na fara."

Abba ya ɗago, kamar an ci shi a kokawa. "Ashirin?"

"Cif. Kuma shi ya ɗauke maigidana. Shi ma haka ya yi ta ɓoyo, yana zuba gishiri a aljihu, har ranar da ya faɗi bakin rijiya." Ta gyara ɗankwali. "Da kun faɗa, ai da sukari mun kawo, al'ada ba ta ce a kashe suruki ba. Kana shan maganinka?"

"Wani lokaci."

"Kullum za ka sha. Gobe kuma ka koma a auna ka, ɗana shi kai ka. Buhun ga ya kwana nan. Za ka sa hannu ka ɗebi na farko ka miƙa, al'ada ta cika, sauran ni da Hansatu mu kai ma danginku na Lamadji, inda babur ba ya kai ka da sauƙi."

"To," in ji Abba. Ni tunda aka haife ni ban taɓa jin ya ce "to" da sauri haka ba.

Aka yi hakan a take. Ya ɗebi gishiri a tafi ya zuba a kwanon Goggo, Inna ta tsaya a kansa har ya karkaɗe hannun, ta kuma karɓi hular ta kakkaɓe da kanta. Goggo ta rangaɗa guɗa. Rufa'i yana daga bakin ƙofa ya aiko min saƙo, alhali taku kaɗan ne tsakaninmu: "Gimbiya, saura kaɗan ni ma nawa tansiyon ya hau."

Inna ta ce ba mai fita bai ci abinci ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Na ɗanɗana. Jama'a, tafarnuwa, citta, daddawa, gishiri ɗan kaɗan. Miyata ce sak, har tawa ta fi ta kauri. Na zuba ido in ji wankan gawa.

Abba ya cinye, ya siɗe kwano, ya karɓi ƙari.

"Hajiya, rabona da miya irin wannan tun mahaifiyata na da rai."

"Ka gani? Hannu ne, ba gishiri ba."

"Hannu ne," in ji Abba.

Na dubi hannuna. Goggo ta taka min ƙafa.

Washegari Rufa'i ya kai shi dispanser, likita ta yi masa tatas, ya dawo da magani ya sha a gabana ba tare da na roƙa ba. Cikin 'yan makonni ƙafa ta saɓe, takalmi ya shiga, aka sa ranar aurena bayan babbar salla. Zuwa makoki ya ragu. Sai dai wani sabon zumunci ya tsiro, duk bayan la'asar Abba sai ya tuna yana da magana da surukinsa a Boutalbagar, a daidai lokacin da kowa ya san Rufa'i na kasuwa.

Rannan ina tsince shinkafa a tsakar gida, ya fito cikin shadda ruwan sararin sama wadda tun bikin wani ɗan uwanmu ban ga ya saka ba, sabuwar hula, ƙamshin turare har zaure. Ya tsaya bayan Goggo yana gyaran murya.

"Hansatu."

"Na'am, Yaya."

"Ke da kika saba da mutanen Gusau ɗin nan. A al'adarsu, in bazawara ce, buhu ɗaya ake kaiwa ko biyu?"

Tiren shinkafa ya kuɓuce min, kaji suka taru. Goggo ta juyo a hankali, ludayi a hannu. Abba ya ɗaga tafin hannu tun kafin ta buɗe baki.

"Ba ci zan yi ba. Kaiwa zan yi."